Filin Tambayi Bakanike: ƙofar da ta ƙi rufuwa, batir mai mutuwa cikin dare da sauran tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda iskar hunturu ta fara kaɗawa yawancin saƙonnin da suke shigo mana duk maganar ƙofa ce, wannan ta ƙi buɗuwa waccan ta ƙi rufuwa, shi yasa yau da ita zamu fara kuma zamu ɗan daɗe a kanta. Wanda bai ga tasa tambayar ba yayi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Oga ya aiki. Dan Allah ina da Corolla ƙirar 2005, jiya da safe na fito zan kai yara makaranta kawai ƙofar direba ta ƙi rufuwa, in na bugo ta sai ta dawo min, na buga na buga har maƙwabta suka leƙo, ƙarshe dai igiya na samu na ɗaure ta da kujera muka tafi a haka. Shin sai na canza lok ɗin gaba ɗaya ne? Daga wani magidanci, Hotoro, Kano.

AMSA: Wa'alaikassalam Malam. Da farko dai dan girman Allah ka daina bugun ƙofar nan, duk bugu ɗaya ƙara wa kanka kuɗin gyara kake. Buɗe ta ka durƙusa ka kalli gefenta, wurin da take haɗuwa da jikin mota. Zaka ga wata 'yar tsaga, a ciki akwai ƙugiya ta ƙarfe mai juyawa, ita ce take cafke wancan ƙarfen mai siffar U da yake ɗaure a jikin motar. In ƙofa tana buɗe, dole bakin ƙugiyar nan ya zama a buɗe yana kallon waje. To wani lokacin yaro ya sa yatsa ya tura ta, ko mai wankin mota ya taɓa ta da tsumma, sai ta juya ta kulle alhali ƙofar tana buɗe, kaga kenan duk bugun da kake ƙarfe kake haɗawa da ƙarfe, babu inda zai shiga.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Ka tabbata ƙofar ba a lok take ba, ka ja hannun buɗewa na waje ka riƙe shi a jaye da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma ka sa sukundireba a bakin ƙugiyar ka jawo ta waje. Zaka ji ta saki. Shikenan rufe ƙofarka a hankali.

In kuma ka duba ka ga bakin a buɗe yake amma duk da haka bata kamawa, to sai ka gwada ta tun ƙofar tana buɗe. Kwantar da sukundireba a cikin tsagar ka tura ciki yadda wancan ƙarfen zai shiga. Lafiyayyen lok sau biyu yake ƙara, ƙas na farko rabin rufuwa, ƙas na biyu cikakkiya. In ta juya lagwai babu ƙara kuma ta dawo da kanta, to ɗan ƙarfen da yake tare ta daga ciki ne ya maƙale, kuma a garuruwanmu sau tari ba karyewa yayi ba, datti ne. Tsohon giris ya haɗu da ƙura ya daskare kamar ƙullin ƙosai da ya kwana a rana, sifirin ɗin ciki ba shi da ƙarfin da zai ture shi. Ka fesa WD-40 sosai a ciki, in babu ka sa kananzir da tsohon buroshin haƙori, kana ja kana sakin hannun ƙofar kana juya ƙugiyar har baƙin ruwan ya daina fitowa, ka goge, ka bari ya sha iska, sannan ka shafa giris ɗan kaɗan, farin nan yafi. Abin da bana so shine baƙin mai. Mutane suna son tsiyaya baƙin mai a lok saboda nan take yake laushi, amma bayan sati biyu na hunturu ya kwashe duk ƙurar unguwa ya tara a ciki.

Ka kuma lura da hannun buɗewa na ciki, in ka ja shi ka saki yana komawa mazauninsa da kansa? In yana tsayawa a rabin hanya to shi yake riƙe lok ɗin a buɗe, kebul ɗinsa ne ya cije.

Maganar igiya kuma Malam, kar a sake, musamman da yara a mota. Ƙofar da aka ɗaure a kwana ɗaya mai tsanani zata iya wangalewa, kuma in hatsari ya faru Allah ya kiyaye, wanda yazo ceto sai ya tsaya kwance ƙulli. Gara a hau adaidaita ranar.

TAMBAYA: Barka da aiki. Motata Honda EOD ce, ƙofar baya ta hagu in kana ciki bata buɗuwa sai an buɗe maka ta waje, na kai wa wani mai gyara yace lok ɗin ya mutu sai an siyo na Beljiyam, kuɗin da ya faɗa kuma yayi min yawa. Daga wata malamar makaranta, Zariya.

AMSA: Hajiya riƙe kuɗinki tukuna. Buɗe ƙofar ki duba gefenta kusa da ƙugiyar, akwai wani ɗan maɓalli ƙarami, wasu motocin har da zanen yaro a kusa dashi. Lok ɗin yara kenan, kamfani ne ya saka shi don kar yaro ya buɗe ƙofa mota tana tafiya. Ki tura shi ɗaya ɓangaren ki shiga ki gwada. Ina kyautata zaton nan matsalar zata ƙare. In kuma kina ɗaukar ƙananan yara a baya ni shawarata ki mayar dashi yadda yake, ki ma kunna na ɗaya ƙofar. Sai in kin tura shi babu canji sannan za'a yi maganar kwance ƙofa, kuma ko a nan ɗin yawanci kebul ne ya zame daga hannun ciki ba lok ne ya mutu ba.

TAMBAYA: Oga ni direban haya ne, Golf 3 wagon nake ja Katsina zuwa Jibiya. Matsala biyu gareni, ƙofar gaba ta fasinja sai an ɗaga ta sama sannan take rufuwa, kuma ta waje bata buɗuwa sai na miƙa hannu na buɗe ta ciki, kullum ina faɗa da fasinja. Sannan santiral lok ɗin ma in na murɗa mukulli sai naji wani abu yana ta gurnani a baya ya daɗe kuma ƙofofin basu kulle ba.

AMSA: Sannu da ƙoƙari direba, ai matsala uku ka lissafo ba biyu ba. Golf 3 tun 1991 aka fara ƙera ta, wagon ɗin ma na ƙarshe a 1999 ya fito, to kaga ƙofar da ta shekara ashirin da wani abu ana buɗe ta ana bugawa, kuma a motar haya da fasinja suke rataya a jikinta in zasu fita, dole ta sunkuya.

Buɗe ta rabi, ka kama ƙarshenta ta ƙasa ka ɗaga sama ka saki. In kaji tana ƙwal ƙwal tana wasa to fin ɗin hinjin ya cinye, shine ƙofar ta sauko ƙasa bata saitu da ƙarfen jikin mota ba. Zaka ma ga shaida, saman ƙarfen U ɗin ya goge yana ƙyalli inda ƙofar take hawa kansa. Abin da wasu suke yi shine su kwance ƙarfen su sauko dashi ya bi ƙofar, zata rufu na ɗan lokaci amma hinjin yana cigaba da ci, ƙarshe ƙasan ƙofar ya fara gogar jikin mota, iska da ƙura da ruwan sama suna shigowa ta sama. A gyara hinjin tukuna. Wannan aikin mutum biyu ne don ƙofa tana da nauyi, a tare ta da jak da katako ta ƙasa, in baka saba ba ka kai wa fanalbita. In kuma ka ɗaga babu wasa, to nan ne zaka ɗan sassauta notin ƙarfen ka motsa shi kaɗan, amma ka fara zagaye shi da fensir don ka san inda yake tun asali.

Rashin buɗuwa ta waje kuma, tunda ta ciki tana buɗuwa lok ɗin da ransa. Abin da yake haɗa hannun waje da lok ɗin ne ya rabu ko ya cinye. In ka ja hannun kaji shi sakwaf babu nauyi to shine. A yawancin motoci wata 'yar sandar ƙarfe ce ko kebul, kuma abin da yake riƙe ta ɗan kilif ne na roba da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, zafin rana ya gasa shi ya karye. Zaka iya kwance bangon ƙofar na ciki da kanka. Ka ɗaga gilas sama tukuna, ka nemo sukurorin da suke ɓoye a wajen hannu da wurin ɗora gwiwar hannu, sannan ka bi gefe kana ɓalle kilif ɗin ɗaya bayan ɗaya, kar ka fizga. Zaka tarar da leda manne a jikin ƙarfen, dan Allah kar ka yage ta ka yar yadda yaran gareji suke yi, ita take hana ruwa da ƙura shiga cikin mota, ka ɓare ta a hankali ka mayar in ka gama. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoto da wayarka. In kilif ne, a wajen masu yanka mota zaka samu, irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko masu kayan Beljiyam na garinku, ka tafi da karyayyen a aljihu a gwada. Masu sababbin motoci kuma da suke da iyabag a gefe, ku cire kan batir kafin ku shiga cikin ƙofa.

Gurnanin da kake ji a baya kuma famfo ne. Santiral lok ɗin Golf 3 da iska yake aiki, akwai ɗan famfo a cikin but a gefe bayan kafet, an naɗe shi da soso, shi yake hura iska ko ya zuƙe ta cikin wasu siraran tiyo zuwa kowace ƙofa. In ya daɗe yana kuka to iska tana zurarewa a wani wuri. Ka fara duba cikin robar nan mai lanƙwasa da take tsakanin ƙofa da jikin mota, nan tiyo yafi tsagewa saboda kullum a lanƙwashe yake, kuma tunda ƙofarka ta sunkuya ni a can zan fara nema. Kar ka yarda a ce maka famfon ya mutu alhali kana jin kukansa.

TAMBAYA: Ina gaisuwa. Starlet gareni, lakile yana shiga ƙofa amma baya juyawa sai na yi ta jijjiga shi. Daga Maraɗi.

AMSA: Muna amsawa mutanen Maraɗi. Rairayi ne ya shiga ramin, ko kuma mukullin ya cinye. Gwada na ajiya in kana dashi, in shi ya juya lafiya to a yanka maka sabo daga jikinsa, ba daga tsohon ba. In shima ya cije, ka goga bakin fensir a haƙoran mukullin sosai ka sa ka cire sau da yawa. Kar ka sa filaya ka murɗa da ƙarfi, in ya karye a ciki aiki ya zama biyu.

TAMBAYA: Oga batir ɗina sabo ne wata uku da siya amma duk safiya sai an tura ni, in na murɗa sai dai naji ƙat ƙat ƙat. Rewaya ya cire kan batir mota tana kunne bata mutu ba yace altaneta lafiya lau. To meye matsalar? Daga wani ma'aikaci, Bauchi.

AMSA: Yallaɓai wannan gwajin na cire kan batir inji yana aiki, kar ka sake bari a yi maka shi. A zamanin Fijo 504 mai kafireto an sha yi an wuce lafiya, amma motar yanzu tana da ƙwaƙwalwa, batir ne yake daidaita wutar, in aka cire shi wutar tana iya yin tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar, wato birenbos, ko ita kanta altanetar. Mita ake sawa, kuma ba tsada gareta ba. Batir mai cikakken caji in mota ta huta yana nuna wajen bolt 12.6, in ya sauko 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 ya kwanta. In ka tada inji ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, in bai hau ba to caji baya shiga.

Amma kafin mita ma, kama kan batir ɗin da hannu ka murɗa. In ya juya to ga ɓarawon nan. In kaga farin gari ko kore ya taru a kai, cire na maras alamar ƙari tukuna wato baƙin, sannan jan, ka wanke da ruwan ɗumi da bekin soda, ka kankare da samfefa har ƙarfen yayi haske, wajen mayarwa kuma ja farko baƙi ƙarshe, ka ɗaure tamau. A daina cusa ƙusa ko buga shi da dutse.

In duk wannan lafiya amma yana kwana da caji ya tashi babu, to wani abu yana shan wuta cikin dare, kuma nan ma ƙofa tana iya zama mai laifi, don in suwic ɗinta bai gane an rufe ba fitilar ciki zata kwana a kunne. Ta but da ta akwatin gaba su suka fi cin amana don ba'a ganinsu. Kunna bidiyo a wayarka ka ajiye ta cikin but ka rufe, ka buɗe ka kalla, zaka ga ko fitilar tana mutuwa. Sannan ka tuna ko kwanan nan an saka maka rediyo ko sifika ko tiraka, sau da yawa kai tsaye suke jona su da batir.

TAMBAYA: Camry ɗina tana obahitin in na shiga go-sulo, makanike yace a cire tamostat a haɗa fanka dairek wai na ƙasar sanyi ne. In yarda? Daga Sakkwato.

AMSA: Ni dai ban yarda ba Alhaji, duk da nasan rabin garejin ƙasar nan zasu ce nayi kuskure. An ƙera inji ne ya yi aiki da wani zafi, tamostat, wato ɗan bawul ɗin da yake tare ruwa kar ya tafi lagireto sai inji ya ɗau zafi, yana buɗewa a wajen digiri 80 zuwa 90 ya danganta da mota, kuma motocin da ake kaiwa Saudiyya da Dubai ma dashi suke zuwa, can kuma ba ƙasar sanyi bace. In aka cire shi injin zai daɗe bai ɗau zafi ba, ƙwaƙwalwa tana ganin har yanzu da sanyi sai ta ƙara sakin fetur, kai kuma kana ta mamakin yadda mota take shan mai. In tamostat ɗin ne ya maƙale a rufe a canza shi da sabo, ba a jefar ba.

Tunda a go-sulo take zafi amma a kan titi tana sauka, ni fanka nake zargi. Tsaya a gida ka bar ta a kunne ka kunna AC ka leƙa, fankokin suna juyawa da ƙarfi? In basa yi a duba fiyus da rile kafin a taɓa ita kanta fankar. Ka haska tocila ta gaban lagireto, zaka sha mamakin ciyawa da ƙwari da leda da suka toshe shi, a wanke da ruwa marar ƙarfi don kar haƙarƙarin ya lanƙwashe. Murfin lagireto ma in robarsa ta mutu baya riƙe matsi, ruwa sai ya tafasa da wuri. Ruwan rijiya da na bohol kuma suna barin gishiri da tsatsa a ciki, a daure a sa kulant.

Kar ka taɓa buɗe murfin nan da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu a haka, kuma kar a kwara wa inji ruwan sanyi. In ka zaro ma'aunin baƙin mai kaga ya koma kalar shayi mai madara, ko farin hayaƙi mai yawa yana fita ta salansa ruwa kuma yana raguwa ba tare da ɗiga ba, gaskit ɗin kan inji ya tafi, wannan ya wuce gyaran gida.

TAMBAYA: Wutar cek inji ta kama a motata, abokina yace in manna mata baƙin tef kawai. Daga wani ɗalibi, Gombe.

AMSA: Ƙanena abokin nan naka ba shi zai biya kuɗin inji ba. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, ana jona na'ura ta faɗi lambar ciwon, har akwai ƙarama da take haɗuwa da waya ta Bluetooth. In wutar a tsaye take kuma mota tana tafiya daidai ba gaggawa bace, fara da ɗaure murfin tanki da kyau don shi kaɗai ma yana kunna ta a motocin Amurka. In tana ƙiftawa inji yana rawa to wani silinda baya ƙona mai, filogi ko koyil, ka tsaya kar ka cigaba da tafiya. In lambar P0420 ce ta fito maganar indomi ce, wato abin nan da yake tace hayaƙi a jikin salansa, kuma ka leƙa ƙasan motar da idonka ka tabbata yana nan, don yana da kuɗi a kasuwa kuma akan kwashe shi a gareji mai mota bai sani ba.

A gurguje: mai Sienna daga Minna da gilas ya ƙi sauka, duba maɓallin lok ɗin gilasai a ƙofar direba tukuna. In ba shi bane ka kunna fitilar ciki da dare ka danna suwic, in hasken ya ɗan rage wuta tana isa gilas ɗin ne ya cije, in bai motsa ba fiyus ne ko suwic ko waya ta karye cikin robar ƙofa, in kuma kana jin ƙurus ƙurus a ciki kebul ya tsinke. Mai rimot da sai ya matso jikin mota yake aiki, ɗan batir ɗin ciki ne mai bolt 3, ɓalle shi ka karanta lambar jikinsa, sau da yawa CR2032 ce, masu agogo suna sayarwa.

Sai direban bas daga Gusau da yace birkinsa yana nutsewa sai ya buga sau biyu, wai ko ya ƙara ruwan omo zuwa ƙarshen wata. A'a Malam. Man birki baya ƙarewa haka kawai, in ya ragu sosai to yana ɗiga a wani wuri, kuma ruwa in yaji zafi tafasa yake ya bar ka babu birki a gangara da mutum goma sha takwas a bayanka. Duba murfin kofin, an rubuta DOT 3 ko DOT 4, shi kaɗai ake zubawa. Ka ajiye motar yau, a kira makanike yazo inda take.